Wai har gudun harsashi ma aunawa ake yi?

Ɗan Kawo: Salamu alaikum 'yan majalisa. Yau an ci min fuska a teburin mai shayi, ku raba mana gardama. Ɗan wan babana da ke Amurka ya turo min bidiyo. Can doka ta bar su su ɗura albarushin ƙaramar bindiga da hannunsu, shi kuma yana da na'urar da yake auna gudun abin da ya ɗura. Kamar ƙaramar rediyo take, a kan ƙafa uku, da idanu biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, kowanne da 'yar farar rumfa a samansa. Ya ja baya kamar mita 3 ya harba ta ƙarƙashin rumfunan, lamba ta fito. Sau goma ya yi, yana rubutawa a littafi. Na ce musu wani ma bai kai sauti gudu ba, sai wani mai faci ya ce in rage abin da nake sha. Mai shayin da kansa sai da ya ajiye gwangwanin madara don dariya.

Baban Ummi: Kafin a yi nisa, albarushi ba ya gudu. Gari ne, ƙonewa yake yi. Harsashi ne ke fita.

Ɗan Kawo: Yaya, ai ka gane nufina.

Baban Ummi: Ni ban gane ba. Wanda bai raba albarushi da harsashi ba, ina laifin mai faci?

Maman Khalifa: To Baban Ummi, kullum a labarai ana cewa an kama bindigogi da alburusai kaza. Garin ake ƙirgawa ƙwaya-ƙwaya?

Baban Ummi: 'Yan jarida ne suka ɓata ta, Hajiya. Hausar Kaduna ai gwanjo ce, kowa ya ɗaga ya saka.

Na Zazzau: A'a, tsaya nan. Kanawa ba ku da bakin gyara wa kowa Hausa. Ku da kuke cewa "a'i".

Baban Ummi: Wa ya kawo maganar Kano? A Tudun Wada aka yanke min cibi.

Na Zazzau: Babanka fa?

Malamin Fiziks: Don Allah a dawo kan tambaya, yaron nan gaskiya ya faɗa. Inuwar harsashi na gifta ido na farko agogon ciki zai tashi, tana gifta na biyu ya tsaya. An san tazarar idanun, sai a raba ta da lokacin. In tazarar santimita 30 ce, harsashin yana ɗaukar wajen kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ne kawai. Jan baya da ya yi kuwa, don kada hucin bakin bindiga ya rikita idanun ne. Sauti yana cin mita 343 a daƙiƙa idan zafi na digiri 20, a zafinmu na Afrilu ya ɗan haura 350. Harsashin ƙaramar bindiga samfurin .45 da aka saba da shi yana wajen mita 255, ka ga sauti ya bar shi a baya. Na 9mm yana wajen 350 zuwa sama, kusan kunnen doki. AK-47 kuwa wajen 715. Harbi goma da ya yi, yana duba matsakaici ne da kuma ratar da ke tsakanin mafi gudu da mafi nawa. Rata mai faɗi na nuna ɗurin bai zo daidai ba. In gudun ya zarce abin da littafin ƙa'idar ɗuri ya rubuta, gargaɗi ne cewa matsi ya yi wa bindigar yawa.

Jikan Sarkin Baka: Malam, da girmanka, wannan lissafin allo ne. Kakana da bindigar toka ya kayar da gwanki a dajin Birnin Gwari, harbi ɗaya. Wace na'ura ya auna da ita?

Malamin Fiziks: Ai tun 1742 Benjamin Robins ya auna irin wannan bindigar a Ingila. Ya rataya abu mai nauyi, ya harbe shi, ya duba nisan lilon da ya yi.

Jikan Sarkin Baka: Bature dai, Bature dai. Mu namu ba a ƙirga su.

Maman Khalifa: Kai ma ka ce toka. Tokar murhu ake zubawa? Baban Ummi, ga wani ya ɓata Hausa, taso.

Baban Ummi: Wannan suna ne, daban yake.

Maman Khalifa: Na jikan Sarkin Baka suna, na yaro kuskure. Ko don kuna cin naman daji tare?

Kofur Mai Ritaya: Ni duk ba wannan ya dame ni ba. Kai Ɗan Kawo, Amurka daban, nan daban. Dokar makamai ta 1959 tana nan da ranta. Ƙaramar bindiga na cikin waɗanda aka haramta, haɗa harsashi a gida kuwa laifi ne. Bindigar toka ma sai da lasin. Masu wannan aiki da izini ga su nan a Kakuri, masana'antar makamai ta gwamnati DICON, tun 1964. Ka daina yawo da bidiyon nan kana nuna wa kowa a bakin titi, a irin wannan zamani.

Ɗan Kawo: Baba Kofur, wallahi ni ko danƙo ban iya harbawa ba.

Na Zazzau: Kofur ma ya ce harsashi. Shi ke nan, soja ya yi magana.

Maman Khalifa: Ɗazu fa kai ne ke faɗa da Baban Ummi.

Na Zazzau: Faɗana da Kanawa ne, ba da harsashi ba.

Admin: To jama'a, an kira Magariba, bari in tattara. Na ɗaya, an tabbatar harsashi ne daidai, kamar yadda Yaya Baban Ummi ya faɗa tun farko, kuma ba wanda ya kawo hujjar da ta ture shi. Na biyu, iyayenmu mafarauta sun san aikinsu tun ba a ƙera na'ura ba. Malamin Fiziks ya kawo lambobi, Allah ya saka, amma ba wanda ya ga an auna da idonsa a nan Kaduna. Maganar Kano da Zariya an rufe ta.

Maman Khalifa: Admin, tambayata ta alburusai ba ta shiga takardar ba? Ko da yake surukinka ne.

Ɗan Kawo: To ni gobe me zan ce wa mai facin?

Baban Ummi: Ka fara da cewa harsashi.