Dan Allah wa zai fahimtar da ni wannan lissafin na kusurwa a kan layi?

Uwar Biyu:
Salam jama'a, dan Allah a taimaka min. Yarinyata aka ba aikin gida na lissafi, an zana miƙaƙƙen layi sai wani layin ya taso daga tsakiyarsa a karkace, gefe ɗaya an rubuta 125° ɗayan kuma an sa x aka ce a nemo shi. Ta ɗauko wannan robar mai rabin da'ira ta auna sai ce min tayi wai shima 125 ne, ni kuwa da ido ma na ga ƴar ƙaramar kusurwa ce ba zata kai haka ba amma wlh na kasa yi mata bayani, rabona da lissafi tun sakandare. Kuma ta tsare ni da tambaya wai me yasa kullum malaminsu 180 yake cewa, wa ya ce dole sai 180?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam Hajiya. Amsar 55 ce, ki cire 125 daga 180 shikenan.

Amma kar ki bata amsar haka kawai. Ki sa ta miƙe ta fuskanci bango, ki ce ta juya har sai ta dawo inda ta fara, wannan zagaye cikakke digiri 360 ne. Sai ki ce ta sake juyawa amma ta tsaya daidai lokacin da ta ba bangon baya, rabin zagaye kenan, 180. To miƙaƙƙen layi haka yake, daga wannan bakin zuwa wancan rabin juyi ne, layin da ya taso a tsakiya ba abin da ya ƙara ba abin da ya rage, raba 180 ɗin kawai yayi gida biyu, in wannan ta ƙaru waccan ta ragu. Ki ɗora fensir a kan rula ki dinga karkatar da shi tana kallo, in ya tsaya cak a tsaye 90 da 90 kenan.

Mai Rula:
Hhh wannan kuskuren nima ya sha kayar da ni ina yaro. Ƴar uwa ki duba robar da kyau, jeri biyu ne na lambobi a jikinta, ɗaya sifilinsa yana dama ɗaya yana hagu. Yarinyar daidai ta ɗora, jerin da bai kamata ba ta karanta. Ki ce ta nemi sifilin da ya kwanta a kan layin kusurwar da take aunawa ta ƙirgo daga nan. Abin daɗin ma shine inda ta ga 125 in ta leƙa ɗaya jerin 55 zata gani, 30 tana tare da 150, 70 tana tare da 110, ko wanne ta haɗa 180 zai bata. Ashe amsar tana hannunta tuntuni bata sani ba.

Ɗalibin Lissafi:
Malam ya gama magana, ƙari kawai zan yi. A kula yara suna haddace "in suna kusa da juna 180" kuma ba haka bane. Maƙwabtan kusurwoyi sune waɗanda suka taso daga ɗigo ɗaya kuma layi ɗaya ne ya raba tsakaninsu, amma 30 da 40 ma zasu iya maƙwabtaka su bada 70. Sai in layukan waje guda biyun sun haɗu sun miƙe ɗoɗar ne ake cewa 180. Kuma ko uku ne a kan layin duk ɗaya, misali 40 da 90 da x, x ɗin 50 ne.

Batun wa ya ce sai 180 kuwa yarinyar nan tana da kai fa. Mutane ne suka zaɓi raba zagaye gida 360, ana danganta shi da mutanen Babila masu ƙirga da sittin sittin, kuma lamba ce mai saukin rabo, tana rabuwa da 2, 3, 4, 5, 6, 8, 9, 10, 12 ba saura. Shi Yuklid, masanin lissafin nan na Girka, da ya rubuta wannan ƙa'idar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa bai ma yi maganar digiri ba, cewa yayi biyun in an haɗa daidai suke da kusurwa biyu masu tsayuwa cak, irin ta bakin takarda.

Uwar Biyu:
Kai nagode sosai Allah ya saka da alheri, ta gano 55 ɗin da kanta har da tsalle, yanzu duk ta bi gidan tana auna komai. Saura ta ƙarshe, an sa x gefe ɗaya 2x ɗaya gefen ba lamba ko ɗaya, ni nan kaina ya ƙulle.

Tsohon Malami:
x da 2x kashi uku kenan Hajiya, ta raba 180 gida uku, ƙaramar ta ɗauki kashi ɗaya babbar kashi biyu. Kar ki faɗa mata, ta lissafa ta haɗa su ta gani ko sun cika 180. Kuma a irin wannan ta ajiye robar, sau da yawa zanen littafi ba daidai awo ake yinsa ba.