Baƙin hayaƙi da rashin ja a tsohon injin gas: daga ina zan fara?

Mai A-kori-kura: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema a kan motata. Injin gas ce mai silinda 4 da turbo, tsohon yayi mai famfon tura mai samfurin Bosch VE, babu kwamfuta a jikinta. Wata biyu ke nan ba ta ja. Hawan da nake yi a giya 4 da lodi, yanzu sai na dawo giya 2 tana nishi. Ga kuma hayaƙi baƙi ƙirin, da na taka totur sai na daina ganin na bayana a madubi. Da safe bugu ɗaya take tashi, a silo ba ta rawa, ba ta shan baƙin mai, ruwan lagireto ma ba ya raguwa. Bakaniken da na kai wa ya ce ringin fistin ne, a sauke injin. Hankalina bai kwanta ba.

Direban Tirela: Wa alaikumus salam. Kada ka yarda a sauke. Nozul ne, bakin nan da ke fesa mai cikin injin, na rantse. Tawa haka ta yi, aka canza nozul ta dawo kamar sabuwa.

Baba Tsohon Hannu: Direba, bar rantsuwa a kan injin da ba ka ji kukansa ba. Ɗana mai mota, abin da ka faɗa da bakinka ya isa ya wanke ringi. Injin gas ba shi da fulogin wuta irin na fetur, matsa iska yake yi har ta yi zafin da man zai kama da kansa. In ringi ya cinye, matsin ya ragu, abu na farko da za ka gani shi ne wahalar tashi da sanyin safiya, da farin hayaƙi kafin ya ɗumama, sannan shan baƙin mai da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi. Kai kuwa ka ce bugu ɗaya. In kana son shaida, bar ta tana silo ka kwance murfin wurin zuba baƙin mai, ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ka ɗaure ba. In yana ɗan rawa kawai, da sauƙi. In iska na cilla shi sama tana huci kamar tukunya a wuta, to a yi maganar ringi, shi ma sai an sa ma'auni an gwada matsin kowace silinda.

Baƙin hayaƙi ma'anarsa ɗaya ce: man da ya shiga ya fi ƙarfin iskar da za ta ƙone shi. Ko man ya yi yawa, ko iskar ta yi kaɗan, ko man bai fesu da kyau ba. Ni kullum daga iska nake farawa, don ita ake dubawa da sukudireba da ido.

Mai A-kori-kura: Na gode Baba. Na gwada murfin yanzu, rawa kaɗan yake yi, bai faɗi ba. Filtar iska kuma wata uku da suka wuce aka busa ta.

Baba Tsohon Hannu: Busawa ba canzawa ba ce. Ciro ta ka haska tocila daga ciki. In haske bai ratso takardar ba, ta gama aiki. Masu busa ta da kwamfaresa da ƙarfi ma yaga ta suke yi ba su sani ba, ƙura ta wuce kai tsaye ta riƙa goge silinda. Ka kuma matsa babban tiyon da ya taso daga filta zuwa turbo da hannunka. In ya tsufa ya yi laushi, yana iya shanyewa ya toshe hanya lokacin da injin ke zuƙa da ƙarfi, da ka ɗaga ƙafa ya koma daidai, ka buɗe bonet ka ga komai lafiya.

Yaron Gareji: Oga ka canza filtar mai kuma, tana hana ja.

Oga Mai Famfo: Yaro, rabin gaskiya ka faɗa. Filtar mai in ta toshe mota za ta rasa ƙarfi, amma mai ne ya yi kaɗan, daga ina baƙin hayaƙi zai fito? Canza ta ba laifi ba ne, sai dai ba ita ce amsar wannan ba. Malam mai mota, tambaya ɗaya zan yi maka, ka yi tunani kafin ka amsa. Rashin jan da hayaƙin tare suka zo, ko ɗaya ya riga ɗaya?

Mai A-kori-kura: Yanzu da ka tambaya na tuna. Rashin jan ne ya fara, hayaƙin a lokacin bai taka kara ya karya ba. Na kai ta wani gareji, mutumin ya ce famfo ne ya yi sanyi, ya taɓa wani abu a bayansa ya ce ya ƙara mata mai. Ta ɗan farfaɗo kwana biyu, daga nan hayaƙin ya zama abin da ya zama.

Oga Mai Famfo: To ga zancen. A saman famfon VE na injin turbo akwai wani ɗan gwangwani mai faifan roba a ciki, da siririn tiyo da ya haɗa shi da hanyar shigar iska. Aikinsa auna matsin iskar da turbo ke turowa. Iska ta ƙaru ya saki mai, iska ta ragu ya riƙe. Shi ya sa da farko motarka ta rasa ƙarfi ba tare da hayaƙi sosai ba: iska ce ta ragu, famfon kuma ya rage mai yadda aka ƙera shi ya yi. Shi mutumin bai nemi inda iskar ta tafi ba, ya buɗe sukurun mai. Yanzu mai ya yi yawa, iska tana nan yadda take, abin da bai ƙone ba shi kake gani a madubi.

Wannan sukurun da hatiminsa yake zuwa daga kamfani, kuma ba don ado aka sa ba. Ɗan juyi kaɗan yana canza man da ke shiga. Man da ya wuce kima yana ɗaga zafin salansa, zafin nan kuwa yana iya fasa kan injin ko ya narka saman fistin. Ka rage hawa da lodi har a gano matsalar.

Direban Tirela: Ni dai har yanzu ina kan nozul. Nozul mai ɗiga ai baƙin hayaƙi yake yi.

Oga Mai Famfo: Yana yi, Direba, ban musa ba. Amma sau da yawa za ka ji injin yana rawa a silo ko yana ƙwanƙwasa, don da wuya guda huɗu su lalace daidai wa daida. A irin wannan tsohon injin ana sassauta natin bututun kowane nozul ɗaya bayan ɗaya yana silo. Wanda ka sassauta injin bai canza murya ba, silindarsa ba ta aiki. A rufa tsumma a kai, kada a kai yatsa wurin, man da ke fita da matsi yana huda fata ya shiga nama. Masu sabbin motoci irin na kwaman rel, waɗanda kwamfuta ke sarrafa feshin mansu, kada ku gwada wannan ko da wasa, matsin nasu yana kaiwa 1,600 a ma'aunin matsi na "bar" har ya wuce. Gwajin gaske kuma a kan injin gwada nozul ake yi, a ga matsin da yake buɗewa da yadda yake feshi, hazo ko tsartuwa. Amma wannan sai an gama da iska.

Maman 'Yan Biyu: Sannunku da ƙoƙari. Ni janareto gare ni mai injin gas, ya taɓa yi mini irin haka, ashe salansa ce ta cika da kunkunniya, hayaƙi ba ya samun hanyar fita. A duba nan ma.

Baba Tsohon Hannu: Gaskiyarki Hajiya, injin da bai fitar ba ba zai shaƙa ba. In motar tana da bawul ɗin EGR, mai mayar da ɗan hayaƙi cikin injin, shi ma a kwance a gani, yakan maƙale a buɗe saboda kunkunniya, ya riƙa mayar da hayaƙi inda iska mai kyau ya kamata ta shiga. Ɗana, gobe in injin ya huce ka cire tiyon bakin turbo ka kama tsakiyar farfelar da yatsu biyu. Ɗan motsi gefe da gefe ba komai, muddin ba ta gogar jikin gidanta. Gaba da baya ne bai kamata ka ji motsi ba. Abin da ke juyi sama da sau 100,000 a minti ɗaya, in ya fara goga za ka ga alama a bakin fikafikan. Daga nan ka bi tiyoyin da suka tashi daga turbo zuwa intakula, wato mai sanyaya iskar turbo, zuwa injin, kana shafawa ta ƙasa. Inda iska ke tserewa yakan bar danshin baƙin mai da ƙura ta manne a kai. Ba ka jin wani fito ko huci in ka taka?

Mai A-kori-kura: Ina jin wani shuuu a hawa, na ɗauka kukan turbo ne.

Yaron Gareji: Oga a zuba ruwan sabulu a kan tiyon, zai yi kumfa.

Baba Tsohon Hannu: A silo ba zai nuna ba yaro, turbo ba ya tura iskar kirki sai injin na jan kaya. Sai dai a toshe bakin tiyon a hura masa iska kaɗan, sannan sabulunka ya yi amfani.

Mai A-kori-kura: Jama'a na dawo. Filtar iska haske bai ratsa ta ba, na sa sabuwa. Farfelar turbo lafiya lau. Na kwanta a ƙasa na bi tiyo kamar yadda Baba ya ce, sai ga wanda ya fito daga intakula jiƙe da baƙin mai ta ƙasa, dab da kilif. A ido ba ka ganin komai, da na lanƙwasa shi sai ya buɗe baki, tsaga ce ta kai tsawon ɗan yatsa. Na canza shi da kilif ɗinsa. Hucin nan ya ɓace, hawan jiya a giya 4 na yi shi. Amma in na taka da ƙarfi har yanzu tana tura baƙi, ko da yake bai kai na da ba.

Oga Mai Famfo: Madalla. Sauran hayaƙin na sukurun ne. Kada ka juya shi da ka, tunda ba ka san zagaye nawa aka buɗe ba. Kai famfon wurin masu injin gwaji su saita shi a kan adadin da littafinsa ya ce, su duba faifan robar gwangwanin da siririn tiyonsa, in an mayar kuma a daidaita tayimin da ma'auni. Tunda za a kwance, haɗa da nozul huɗun a gwada su, Direba ya samu barci.

Direban Tirela: In aka samu ko ɗaya yana ɗiga, Oga, zaure zai ji ni.

Mai A-kori-kura: Allah Ya saka da alheri. Jibi zan kai, zan turo hoton feshin kowanne.