Neman kalma: me za mu kira "feedback" a harkar wutar lantarki?

Mai Fassara: Jama'a, ina neman Hausar "feedback", wato bayanin da ake nuna wa magidanci na yawan wutar da gidansa ke sha domin ya rage. Na sa "martani", amma bai zauna min ba.

Injiniya: Malama, martani na mutum ne, sai an yi maka magana kake mayarwa. Mita kuwa nuna maka take yi. Kuma abin iri biyu ne. Akwai na nan take, kamar allon mitar kati da ke nuna ragowar yunit, akwai na bayan lokaci, wato bil ɗin ƙarshen wata. Nazarin Sarah Darby na Jami'ar Oxford a 2006 ya nuna na farkon kan rage shan wuta da kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, na biyun bai wuce kashi 10 ba. Ina ganin "manunin shan wuta".

Mai Wayarin: Injiniya, "manuni" ya fi dacewa da na'urar kanta. Ku duba jar fitilar da ke ƙiftawa a jikin mita. In an rubuta 1000 imp/kWh, ƙiftawa 1000 yunit ɗaya ke nan. Ƙirga na minti ɗaya ka ninka da 60: ƙiftawa 10 wat 600 ne. Kunna dutsen guga mai wat 1000, za ka ga ƙarin kusan 17 a minti. Inda ake kuskure, wata mitar 1600 ko 3200 aka rubuta mata, lissafin ya canza. Firji kuma injinsa tashi yake yana hutawa, minti ɗaya ba zai faɗa maka gaskiyarsa ba, sai ka rubuta yunit da dare ka sake dubawa da asuba.

Mai Fassara: To "madubin wuta" fa?

Injiniya: Yana da daɗin faɗa, sai dai wani zai ɗauka madubi ne mai ƙwan fitila. Mu raba su: na'urar "manunin wuta", bayanin kuma "rahoton shan wuta", na nan take ko na wata-wata. Bil ɗin ƙiyasi dai kada a sa shi ciki, tunda ba daga mita aka karanto shi ba.

Mai Fassara: Na ɗauka. Na gode, Injiniya.