Ta yaya ake auna ƙwarewar ɗalibi wajen gano matsalar kwamfuta?

Assalamu alaikum, malamai da masu wannan sana'a. Ina neman shawararku a kan wata matsala da ta hana ni sakat.

Ina koyar da gyaran kwamfuta a wata cibiyar koyon sana'a, kuma bara muka sauya tsari, ta yadda ɗalibi ba zai wuce zuwa mataki na gaba ba sai ya nuna a aikace cewa ya iya aikin. Ga ayyuka masu sanannun matakai, kamar ɗora Windows ko jera wayoyi takwas na kebul ɗin intanet bisa launukansu, tsarin ya yi daidai, domin ko dai kebul ya yi aiki ko bai yi ba.

Inda na cije shi ne gano musabbabin matsala. Idan na sassauta RAM (ma'ajiyar bayanai ta wucin gadi a cikin kwamfuta) daga mazauninta da gangan, nan take ɗalibai suke ganowa saboda sun saba da wannan tarkon, amma da zarar na ba kwamfuta adireshin IP (lambar da ake gane kowace na'ura da ita a hanyar sadarwa) da ya yi karo da na wata na'ura, sai mafi yawansu su tsaya cak. Ga shi kuma takardar tantancewarmu ta riga ta shaida cewa sun ƙware, abin da zuciyata ba ta amince da shi ba.

Shin matsaloli nawa mabambanta ya kamata ɗalibi ya warware kafin a shaida ƙwarewarsa? Kuma hanyar da ya bi za a duba ko sakamakon kawai, musamman idan da lalube ya dace da amsar?