An sa sunana a ziyarar Amurka, Yaya ya ce in na je kada in dawo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, a sakaya sunana. Ni malamar makaranta ce a unguwar Nima da ke Ankara, babban birnin Ghana, muna kuma da 'yar ƙungiya da ke yi wa 'yan mata darasin yamma. Ofishin jakadancin Amurka ya gabatar da sunana a shirin IVLP, wato shirin gwamnatin Amurka na gayyatar masu jagoranci a fannoninsu, ziyarar mako uku, mu je mu ga yadda takwarorinmu ke aiki. Tun da labarin ya shiga gida ba ni da sakat. Yayana da ke Niyok ya ce ina sauka in sulale, ɗaki na nan, aikin kula da tsofaffi ma na nan. Inna ta ce wanda ya samu rana sai ya yi shanya. Albashina kuwa ba ya kai ni ƙarshen wata. Yaya zan yi?

Wani Alhaji daga Madina ta Ankara:
Wa alaikumus salam 'yata. Ki fara sanin abin da ke hannunki. Shirin nan tun 1940 ake yinsa, kuma ba a cika masa takardar nema. Ma'aikatan ofishin jakadanci ne ke duba aikin mutum su ba da sunansa, wato akwai wanda ya tsaya miki a Cantonments, unguwar da ofishin yake. Bizar da za a buga miki J-1 ce, ta masu ziyarar musayar ilimi da al'adu. Tunda gwamnatinsu ce ke biyan kuɗin tafiyar, doka ta ɗora miki zaman shekara biyu a gida kafin ki cancanci takardar zama ta dindindin ko bizar aiki a can. Ko aure kika yi a can, sharaɗin ba ya faɗuwa haka nan, sai an nemi a yafe shi, kuma da wuya a yafe wa wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Tambayi yayan naki ko ya san wannan.

Wata 'yar Mamobi:
'Yar uwa, na je na dawo. A Washinton ake farawa, daga nan a bi da ku garuruwa, kullum kuna tare da jami'an rakiya. Tarukan ofis da yawa na manta su. Wanda ya zauna min shi ne cin abincin dare a gidan wasu tsofaffi a wani ƙaramin gari, 'yan sa-kai ne, ba ma'aikatan gwamnati ba. Matar ta dafa kifi don an gaya mata ba ma cin alade, ta shimfiɗa min tawul a ɗakin jikarta na yi magariba. Mijin ya yi ta kewaye-kewaye, can ya tambaye ni ko muna zaman lafiya da Kiristoci. Na ciro waya na nuna masa hoton Limamin Ƙasa, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, zaune a cocin Christ the King a Ankara ranar Ista ta 2019, ana bikin cikarsa shekara 100. Mutumin ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Har yau matar na aiko wa ɗalibaina littattafai. Ki tafi da hotunan 'yan matanki da kati mai lambarki, da yajinki ma, abincinsu salam yake.

Wani saurayi daga Aboabo, Kumasi:
Duk kuna magana ne da cikakken ciki. Hoto da takardar shaida ba sa biyan kuɗin hayar shekara biyu da mai gida ke nema a dunƙule. Wa ya gina wa iyayenmu gidajen sama a zango in ba 'yan waje ba? Ni dai ban ce ki gudu ba, amma a daina nuna kamar yayanta mahaukaci ne.

'Yar Mamobi:
Ƙanina, ba wanda ya kira shi mahaukaci. Amma masu ginin nan, ka ƙirga nawa ne suka samu zuwa jana'izar uwarsu. Marar takarda in ya fito daga Amurka ba ya iya komawa, shi ya sa ba ya fitowa. Kuma in ta ɓace, malama ta gaba daga Nima da za a kai sunanta ita za ta sha tambaya. In karatu take so, wannan tafiyar ma hujja ce a takardar neman tallafin karatu na Chevening na gwamnatin Ingila, digiri na biyu na shekara ɗaya, sai dai su ma sharaɗinsu a dawo gida shekara biyu.

Wani malami daga Sabon Zango:
Malama, kin karɓi biza a kan za ki dawo, alkawari ne. Amma kada ki yi musu da Inna baki da baki. Ki samu kawunki ko limamin unguwa ya zauna da ita, ya faɗa mata a fili cewa in kin sulale, shekaru za ta yi ba ta sa ki a ido ba. Yaya kuma ki ce ya zo Washinton ya gan ki ranar hutu.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka. Kawu zai zo gobe bayan la'asar. Yaya 'yar Mamobi, yajin nan suna barin a shiga da shi a filin jirgi?

'Yar Mamobi:
Busasshe ne, a rufe, kuma ki faɗa musu kina ɗauke da shi. Kilishi kam kada ki soma.