Tantebur na buga "gwaf" in na taka birki, sifirin kuma ya karye sau biyu

Direban Dawanau

Assalamu alaikum iyayen gidana makanikai da 'yan'uwa direbobi. Wata matsala ce ta ishe ni, ina neman wanda ya san kan abin ya haska mini.

Motar DAF ce XF, kan ɗan Beljiyam, bodin kuma mai aksil uku a kan sifirin mai ganyayen ƙarfe, ba na iska ba. Ni da yayana muka haɗa kuɗi muka saye ta, ni ke tuƙi, shi ke riƙe lissafi. Hatsi nake ɗauka daga Dawanau zuwa Legas, in dawo da abin da Allah ya hore, wani lokaci siminti, wani lokaci kayan shago. Ta Lambata nake bi in faɗa Bida in fita Mokwa, kuma wanda ya san hanyar Lapai da Agaie ya san abin da mota ke sha a wurin.

Kusan wata biyu ke nan, duk sanda na ɗaga ƙafa daga kuloci zan tashi, ko na taka birki, sai in ji "gwaf" a bayan kai, kamar an doka taɓarya a turmi. Da farko sai da lodi nake ji, yanzu ko babu kaya yana yi. Sifirin na aksil ɗin tsakiya ta hannun hagu kuma ya karye mini sau biyu cikin tafiya uku. Karon farko a hanya ne, na kai wa wani mai walda ya liƙa, ban kai Ilori ba ya sake ɓallewa daf da inda aka yi waldar. Da na dawo Kano na sayi na gwanjo a Ƙofar Ruwa aka ɗaura. Sannan tayoyin aksil na baya suna cinyewa ta gefe guda kamar an fere su da wuƙa, in na duba madubi kuma sai in ga wutsiyar bodin ta ɗan kauce hagu ko a miƙaƙƙiyar hanya.

Yaron motata yana zuba wa tantebur, wato farantin bayan kai da bodi ke zama a kansa, baƙin mai duk sanda muka yi juye, don haka ba zan ce a bushe yake ba. Shin abubuwan nan uku cuta ɗaya ce ko daban-daban? Yayana ya fara yi mini kallon kamar ni ke tuƙin ganganci.

Tsohon Makanike

Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin komai ka hana yaron nan zuba baƙin mai. Ba aikinsa ba ne. Rana na dukansa zai tsiyaye, abin da ya rage ya kama ƙura ya koma kamar yashin goge tukunya, shi ne zai riƙa cin farantin da kimfin, wato guntun ƙarfen ƙarƙashin bodi da ke shiga bakin tantebur. Giris mai kauri na manyan motoci ake sawa, kuma ba a ɗora sabo a kan tsoho. Ka cire bodin, ka kankare tsohon da ƙarfe, ka wanke da gas, sannan ka shafa a faranti da cikin bakin da ke kama kimfin da shi kansa kimfin ɗin. Masu ƙera tantebur irin su JOST cewa suke kada ya wuce kilomita 5,000 ba a yi ba. A hanyarka ke nan duk zuwa Legas da dawowa biyu, ni kuwa da rani in ƙura ta yi yawa duk dawowa nake so.

Ƙarar nan da kake ji wasa ne ya shiga tsakanin kimfin da makamarsa. Ka samu fili, ka danne birkin bodi kaɗai, ka ɗan ja gaba ka ɗan yi baya a hankali, wani ya tsaya daga gefe yana kallo. Daga gefe na ce, kada kowa ya shiga ƙarƙashi. Idan kimfin ne ke kai da komo a cikin bakin, zai gani. Idan kuwa farantin ne gaba ɗaya ke motsi, to bushin na ƙafafunsa, wato zobban da ke hana ƙarfe cin ƙarfe, su ne suka mutu, ko notukan da suka ɗaure shi da shasi sun saki. Kimfin na inci biyu in sabo ne kaurinsa milimita 50.8, in ya sauka zuwa 49 ya gama aiki. Da ido ba za ka gane ba, sai an sa ma'auni. Akwai sukurun da ake ɗan matse bakin da shi, amma abin da ke ba ni haushi shi ne yaran yanzu su matse shi har ƙarshe a kan kimfin da ya riga ya cinye, ƙara ta ɗauke kwana biyu, mai mota ya biya yana murna. Ranar da ya ɗauki bodin wani mai lafiyayyen kimfin sai bakin ya ƙi rufuwa.

Sai sifirin. Ba ka faɗa mana a ina ya fara karyewa ba, kuma nan maganar take. In a tsakiya ne, wajen ramin santabol, ƙusar da ke haɗe ganyayen sifirin wuri ɗaya, ba rami a hanya ba ne ya karya shi, yubol ɗinka ne a sake, wato lanƙwasasshen ƙarfen da ke ɗaure sifirin da aksil. Yubol in ya ɗauru yadda ya kamata tsakiyar sifirin ba ta lanƙwasa ko kaɗan. Ya saki, to wurin da aka huda shi ke karɓar duka, nan zai tsage. Ka leƙa ka gani, in akwai jar tsatsa kamar garin barkono tana fitowa daga tsakanin ƙarafan, ko wuri ya yi ƙyalli kamar an goge, abu na motsi. Ka ƙwanƙwasa notin da ƙaramar guduma, ɗaurarre ƙararsa tsaf take, sakakke kuwa sai ka ji ta a dushe.

Walda a jikin sifirin asarar kuɗi ce. Ƙarfen an dafa shi ne ta yadda zai lanƙwasa ya dawo, wuta na taɓa shi ta kashe wannan dahuwar, shi ya sa ya karye maka a gefen waldar ba a kanta ba. Ban ga laifinka ba tunda a daji kake, amma abin da za a lallaɓa da shi zuwa gari ne kawai. Kuma da aka ɗaura na gwanjon, tsohon yubol aka mayar ko sabo? Na san amsar. Yubol in an ɗaure shi sau ɗaya ya riga ya miƙe, zarensa ya ci, ba zai sake riƙewa kamar da ba. Sabon ma in an sa, sai ka yi tafiya ɗaya da kaya ka dawo a sake bin notukan, domin ganyayen sifirin suna zaunawa.

Kaucewar wutsiya da cin taya duk daga nan suka taso. Yubol ya saki, santabol ya guntule, aksil ya zame baya ta gefe ɗaya, sai bodin ya riƙa bin ka a karkace yana jan taya a kwalta. Ka sa a ɗauko tef, a auna daga kimfin zuwa ƙarshen aksil na farko ta dama, a auna ta hagu. Bambancin kada ya wuce kamar milimita 3. Daga nan a auna tsakanin aksil da aksil. A duba bushin na sandunan da ke riƙe aksil da na ikwalaiza, wannan da ke lilo tsakanin sifirin biyu. In bushinsa ya mutu ba ya raba nauyi, sai aksil ɗaya ya ɗauki na 'yan'uwansa, kuma ina zargin abin da ke kashe maka na tsakiya ke nan.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ware wuni guda a Kano, mota babu kaya, a yi duk wannan.

Mai Howo

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara girma. Ni nawa kan haɗa kai da bodi ne, don na taɓa jin kunyar da ba zan manta ba. A wani garejin lodi na yi ribas, na ji "ƙwas", na ce ya kama. Yaro ya naɗe ƙafafun bodi, na ja ko tsawon mota biyu ban yi ba sai bodin ya sulluɓe ya daki shasi, ya tsinke tiyo biyu da wayar wuta. Ashe bodin ya yi sama da yawa, kimfin ya hau kan bakin bai shiga ciki ba. Allah ya sa ba a kan titi ba ne. Tun ranar ba na yarda da kunnena. Sai na ja gaba sau biyu bodi na kan birki, na sauko da tocila na leƙa na ga ƙarfen ya rufe bayan kimfin, babu haske tsakanin faranti da cikin bodi, hannun ya koma, na sa masa makarinsa.

Tiyon iskar birki kuma rawaya ake fara sawa kafin ja, wajen cirewa jan ake fara cirewa. Jan shi ke cika tankin bodi ya saki birki, in ka sa shi shi kaɗai a gangara bodi na iya tafiya ba mai tsayar da shi. 'Yar robar bakin tiyon in ta tsage a canza, kuɗinta bai kai na shayi da burodi ba, a daina naɗe wurin da robar tib. Kuma kullum da safe ka ja zoben ƙarƙashin tankin iska. In ruwa na fita da yawa, ko ruwa da mai, matatar busar da iska ta gaji.

Ɗan Damagaram

Sannunku da aiki. Mu nan lam muke ce wa sifirin, tantebur kuma selet. Ɗan'uwa, tambaya ɗaya ba wanda ya yi maka: buhu nawa kake ɗorawa? Don na san ku, siminti buhu 600 tan 30 ne, amma sai a ɗora 900 a ce ai mota ce. A wajenmu Nijar dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin CFA, ta 2005 ta tsayar da mai aksil shida a tan 51, mota da kayanta duka, kuma akwai sikeli a hanya. Ba wai mu ma waliyyai ba ne. Kada dai wani ya ba ka shawarar ƙara ganyen lam biyu ko uku. Lam zai daina karyewa, sai dukan ya koma kan maratayinsa da shasi, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Direban Dawanau

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, kamar kana wurin. Jiya muka shiga ƙarƙashinta, tsohon yubol aka mayar, noti biyu da hannu yaro ya juya su. Santabol na tsakiya ya guntule, kansa ma babu. Da aka auna, hagu ta fi dama da kusan faɗin yatsa biyu. Bushin ikwalaiza kuwa babu sauran komai, ƙarfe ke cin ƙarfe har ramin ya zama kamar ƙwai. Kimfin ya nuna 49.4, makaniken ya ce zai ɗan ƙara kai ni, amma zoben cikin bakin tantebur ya cinye, an canza shi, ƙarar ta ɗauke.

Ɗan Damagaram, masara buhu 400 nake ɗauka, mai kilo 100. Na san ya yi yawa, amma in na ce 300 dillali zai ba wa na bayana, gas kuma ba ya jiran kowa. Na dai nuna wa yayana guntun santabol ɗin, ya juya shi a hannu ya yi shiru.

Saura ramin ikwalaizan nan. Makaniken ya ce a cike da walda a kai wa masu lis, wato injin sassaƙa ƙarfe, su sake huda shi, wani kuma ya ce in sayi sabo kawai. Baba, wanne ka gani? Ranar Laraba nake da lodi.