Awon siffar kifi zai iya nuna wa ya fi kusa da wa a dangi?

Ɗan Kabala:
Salam 'yan uwa, a agaza min. Furojet ɗina a kan karfasar kogin Kaduna ne, iri uku. Na sayo wajen masunta na ɗau hotonsu, na diga maki 14, wato ɗigon alama, a jikin hoton kowanne da manhajar tpsDig, kan hanci, ido, gindin ƙaya, wutsiya, sai manhajar MorphoJ mai kwatanta siffa ta ware min iri ukun tsaf. To zan iya ɗaukar tazarar siffar da ta nuna tsakaninsu in zana bishiyar dangantaka? Kuɗin gwajin DNA wallahi ya fi ƙarfin aljihuna.

Malam Na Kawo:
Wa alaikassalam ɗalibi. Abin da za ka samu bishiyar kama ce, ba ta asali ba, kuma ka san kama da wane ba ta wane. Wannan rigimar ta girme ka, tun 1963 masana su Sokal da Sneath ke haɗa halittu bisa yawan kamanni, mabiya wani masanin, Hennig, suka ce a'a, sai sabuwar siffar da aka gada daga kaka ɗaya. Dubi agwada, wannan da ke shan hantsi kan duwatsu, ka rantse ɗan uwan gafiya ne, alhali giwa da ayu ne danginsa na kusa. Ko a dangin karfasar taka, kifayen tafkin Malawi da na Tanganyika akwai masu siffa kamar an tsaga kara, amma kowanne a tafkinsa ya samo ta, cima ce ta zo ɗaya.

Maman Ilham:
Malam ka yi gaskiya amma kar ka kashe masa gwiwa mana. Masu nazarin ƙasusuwan halittun zamanin da ai ba su da wata mafita, DNA mafi tsufa da aka samu bai wuce shekara miliyan 2 da ɗoriya ba, na Girinlan, to Suchomimus, dinoso ɗin da aka tono a Nijar, mai sama da shekara miliyan 100 da me za a sa shi a dangi in ba siffa ba? Kuma tun 2010 manhajar TNT mai zana bishiyar dangantaka na karɓar makin kai tsaye. Ni dai inda na sha wuya girma ne, na haɗa 'yan ƙanana da manya, idon ƙaramin kifi kuwa ya fi girma in ka gwada da kansa, sai kwamfuta ta tara min yara gefe guda manya gefe guda, wata biyu a banza. Ka cire tasirin girma tukuna ƙanina, kuma kar ka haɗa na kududdufin kiwo da na kogi, abinci ma na canza muƙamuƙi.

Ɗan Kabala:
Kai Anti kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi, rabin nawa ba su kai tafin hannu ba 😭

Malam Na Kawo:
Ga hanya mai arha. Nemo bishiyar DNA da aka riga aka buga ta karfasa, ka ɗora awonka a kai ka ga ko sun dace. A ire-iren karfasa, niloticus da galilaeus a baki suke renon ƙwai, zillii a ƙasa take zubawa ta yi gadi, duba ko kawunansu sun nuna haka. Kuma ka miƙar da kifin kafin hoto, wanda ya lanƙwashe a firiza kwamfuta sabon iri za ta ɗauke shi.

Ɗan Kabala:
Na gode ƙwarai Malam, Allah ya ƙara girma. Asabar zan koma bakin kogi da sassafe in sake hoton, wannan karon da rula a gefe.